Ƙafar 'Yar Sati

A gidan Baffa ta taka ƙusar, ana gab da ƙarshen satinta a can. An aike ta bayan shago ta kwaso guntayen katako na hura wuta, silifas ɗinta kuwa ya cinye har ya zama kamar ganye. Ƙusar ta huda shi, ta shige tafin ƙafarta ta hagu kusa da ƙananan yatsu. Ba ta yi ihu ba. Ta zauna a kan buhun garin katako, ta kama guntun katakon da hannu biyu ta fizge. Ƙusar ta fito a lanƙwashe, ja wur da tsatsa.

Shekarunta tara. Tana da suna kamar kowa, amma yaran gidajen da take zagayawa sun daɗe da binne shi, 'Yar Sati suke ce mata. Bayan rasuwar ubanta uwarta ta samu taɓin hankali, har wata rana ta bar risho a kunne labule ya kama, yarinyar tana cikin ɗakin. Dangi suka taru suka ce ba za a bar ta a hannun uwa ba. An sha shayi, an yi maganganu masu daɗi. Da aka zo kan wa zai ɗauka, kowa ya ɗaga kai yana kallon silin. A ƙarshe aka raba ta kamar aikin shara: sati guda gidan Baffa kafinta, wan ubanta; sati guda gidan Goggo tela, ƙanwar ubanta; sati guda gidan Kawu direba, wan uwarta. Duk Asabar Kawu ke ɗaukarta a bas ɗinsa ya kai ta gidan da ke bi, ita da jakarta.

A wannan zaman Baffa ya ƙara wata doka. In ciwo ya kama ta a wani gida, ba a tashinta, tana nan har ta warke.

"Ba a yawo da marar lafiya," in ji shi.

Kowa ya ce Allah ya saka da alheri, babba babba ne. To, wannan dokar ta tausayi ita ce ta zame wa yarinyar bala'i.

Matar Baffa ce ta fara ganin jini a tsakar gida.

"Ke! Jinin mene ne wannan a inda na share?"

"Ƙusa na taka, Anti."

"Idanunki na ado ne? Zo nan."

Ta wanke mata da ruwan zafi da gishiri, ta ƙwalla wa mijinta kira. Baffa ya shigo da fensir a bayan kunne, ya ɗan sunkuya ya leƙa.

"Wannan ne ake kirana a kai? Ni da nake taka ƙusa tun ba a haifi ubanki ba, kin ga na mutu?"

Ya tsiyaya mata kananzir a wurin, ya koma kan aikinsa.

Washegari ƙafar ta tashi kamar an hura ta. 'Yar Sati tana wanke-wanke a bakin famfo, ta jingina da bango don kada ta taka, sai ta jiyo Anti a ɗaki tana magana ƙasa-ƙasa.

"Ka ga ƙafar nan kuwa? In ka ce ciwo ne, a nan za ta zauna fa. Kai ka kafa dokar da bakinka."

"Wa ya ce ciwo ne? Kumburi ne, zai saɓe."

"In bai saɓe ba fa?"

"Gobe ba Asabar ba ce?"

Da safe Anti ta ɗauko tsohuwar safar ɗanta da takalmin makaranta da ya yi masa kaɗan, ta tura ƙafar ciki da ƙarfi.

"Ki taka sosai, kin ji ni? Kada ki je ki yi wa Goggonki ɗingishin ƙarya, a ce mun yi miki wani abu."

Ba sai an gaya mata ba. Ita ma ta san dokar, kuma ta yi nata lissafin. In aka ce ba ta da lafiya, babu hawa motar Kawu. In babu motar Kawu, babu mahaɗa. A mahaɗar nan ce, kusa da rumfar mai faci, uwarta ke zama a kan benci duk Asabar tana jiran bas ɗin ya tsaya. Wannan ɗan tsayin shi ne duk abin da aka bar musu. Don haka ta cije leɓe, ta taka tsaf daga ƙofa har mota.

Kawu ya tsaya a mahaɗa bai kashe inji ba. Maman ta taso a hankali. Maganin da take sha ya sa tafiyarta ta yi nauyi, hannunta yana ɗan rawa. Ta miƙo lemo ta taga.

"Uwata," ta ce, don haka take kiranta. "Me ya samu fuskarki?"

"Ba komai, Mama."

Maman ta leƙa ƙasa. "Safa, cikin wannan zafin?"

"Anti ce ta ba ni."

"Yaya, me ya sa aka sa mata safa?"

Kawu ya dube ta ta gefen ido. "Kin sha maganinki yau?"

"Na sha."

"To madalla. Ki ci gaba da sha."

Ya ja mota.

Gidan Goggo ɗaki biyu ne, ɗaya na kwana, ɗaya na keken ɗinki da tulin yadin mutane. Aikin 'Yar Sati a nan shi ne tsinke zare da ɗinka maɓalli, duk a zaune, don haka ta ɓoye abin har kwana ya juya. Ranar da aka aike ta sayo allura takalmin ya ƙi shiga, asiri ya tonu. Goggo ta zare safar, ta ja da baya.

"Innalillahi! Da wannan aka kawo min ke?"

"E, Goggo."

"A ina?"

"Bayan shagon Baffa."

Nan take ta ɗauki waya. Yarinyar tana jin muryar Baffa tana fitowa siririya.

"Yaya, wannan adalci ne? Ka turo min yarinya da ƙafa kamar tulu?"

"Lafiya lau ta bar gidana. Da ƙafarta ta hau mota, tambayi direba."

"Ta ce ƙusar shagonka ce."

"Ƙusar ta warke tun a nan. In wani abu ya taso, a hannunki ya taso. Kin san doka."

Goggo ta kashe wayar ta jefar kan yadi. Ta yi ta faɗa ita kaɗai, ta zagi ƙusa, ta zagi kananzir, ta zagi matar wanta har kakanninta. Da ta gaji sai ta zauna ta dubi tulin ɗinkin da ke gabanta.

"Ki duba nan," ta ce. "Duk na masu biki ne, kowacce ta ce jibi. In na kai ki asibiti yini guda ya tafi a layi. Su ce a kwantar da ke, shi ke nan an ce a gidana kika kwanta. Ni kaɗai ce, ba miji ba mataimaki. Wa zai taka keken?"

"Ba ya min zafi sosai, Goggo."

"Yauwa 'yar albarka. Kawunki yana da mota, asibiti a kan hanyarsa yake. Shi abu ne mai sauƙi a gare shi."

Ba za a ce Goggo ba ta yi komai ba. Ta aika kemis aka sayo ƙwayoyi ja da fari. Ta yanko ƙyallen leshi mai kyau daga ragowar ɗinkin wata amarya ta ɗaure ƙafar. Ta ƙara mata nama a abinci. Kullum da safe takan tambaya, "Da sauƙi ko?" da irin muryar da amsa ɗaya kawai take karɓa. Yarinyar takan ce da sauƙi. Ƙafar kuwa bugawa take yi kamar an sa mata zuciya a ciki, ruwa yana ratso leshin, ja ya fara hawa sama da idon sawu.

Ranar Asabar Goggo ta sa almakashi ta tsaga gefen takalmin don ƙafar ta samu shiga, ta saukar mata da doguwar riga har ƙasa.

"In Kawunki ya tambaya, ki ce ana magani."

Kawu bai tambaya ba. Yana ta rigima da wani fasinja a kan kaya.

A mahaɗa Maman ta kama hannunta ta taga, ta ƙi saki.

"Jikinta da zafi, Yaya."

"Inji ne. A kansa take zaune."

"Ba zafin inji ba ne. Bari in ga ƙafarta."

"Ke dai da ƙafa! Wancan satin safa, yau ƙafa. Fasinja na jirana."

"Uwata, gaya min gaskiya."

'Yar Sati ta dubi idanun uwarta, ta ga sun fara wannan ƙyallin da kan zo kafin ciwon ya tashi. Ta sha jin ana cewa in ran Mama ya ɓaci ciwon dawowa yake, in ya dawo kuma za a hana tsayawa a mahaɗa.

"Lafiyata ƙalau, Mama. Wallahi."

"Kin ji ko?" in ji Kawu. "Kin dai sha maganinki?"

A madubin gefe yarinyar ta ga uwarta tsaye a tsakiyar hayaƙin mota, hannunta a miƙe yadda aka fizge shi.

A gidan Kawu wari ne ya yi magana. Matar Kawu tana da ɗanyen goyo, hancinta kuma ba ya kuskure. Ta bi ɗaki tana shinshina, ta ɗaga katifa, ta leƙa bayan kwaba, tana cewa ɓera ya mutu. Yaran gidan ne suka gano.

"Umma, ba ɓera ba ne, 'Yar Sati ce!"

"Mushe! Mushe!" ƙaramin ya kama tsalle yana toshe hanci.

Aka fitar da tabarmarta zuwa ɗan ɗakin ajiya, inda Kawu ke tara tsofaffin tayoyi da jarkokin mai.

"Ba ƙinki nake ba," in ji matar Kawu daga bakin ƙofa, mayafi a kan hanci. "Jariri gare ni. In ya ɗauki wani abu fa?"

Kawu kan fita da sassafe, ya dawo a gajiye. Sai da matar ta tare shi da maganar kafin ya shiga ɗakin ajiyar. Ya kwance leshin da ya manne da fata. Ya ɗago ya dubi yarinyar.

"Tun yaushe?"

"Tun gidan Baffa."

"Goggonki ta gani?"

"Ta ba ni magani."

Ya miƙe, ya daki taya da ƙafa. "Dangin uba ke nan! Su ɓata, su naɗe a leshi, su turo wa dangin uwa. Ni ne jakinsu? Ni ke ɗauka, ni ke saukewa, yanzu kuma ni ne likita?"

"Ka kai ta asibiti kawai," in ji matar.

"In kai ta, su kwantar da ita, wa zai zauna da ita? Ke?"

Matar ta dubi jaririn da ke kafaɗarta.

"Kin gani. So suke a ce a gidana ta kwanta. Wallahi ba su isa ba. Inda aka yi ɓarna can za a yi gyara. Ranar Asabar a ƙofar shagonsa zan dire ta, a gaban mutane, in ga bakin da zai yi musu da shi." Ya juyo wurin yarinyar, muryarsa ta sauka. "Ki daure, kin ji? Asabar kamar gobe ce."

Ta daure. Zazzaɓi ya rufe ta, abinci ya ƙi shiga. Da rarrafe take zuwa banɗaki, tana jan ƙafar a baya kamar ba tata ba. Ƙudaje suka gane ɗakin. Takan kwanta tana kallon hasken rana da ke shigowa ta hujin kwano, yana tafiya a hankali a kan tayoyi, tana jin yara suna wasa a waje. Sau ɗaya babbar 'yar Kawu ta turo mata kofin ruwa da sanda.

Ana gobe Asabar ta taɓa ƙananan yatsun nan biyu, ta ji ba sa ciwo. Sun yi baƙi, sun yi sanyi, amma ko ta matsa ba ta jin komai. Murna ta kama ta. Ta ce a ranta ta fara warkewa, gobe za ta iya gaya wa Mama lafiya lau ba tare da ta yi rantsuwar ƙarya ba.

Da safe ta kasa tsayuwa. Kawu ya sa leda baƙa ya rufe ƙafar ya ɗaure, ya ɗauke ta cak ya kwantar a kujerar baya, ya buɗe tagogi. Ya ce yau ba zai tsaya a mahaɗa ba, ba ya son surutu. Amma wata babbar mota ta lalace a daidai wurin, hanya ta cushe, bas ɗin ya tsaya cik a gaban rumfar mai faci.

Maman ta taso ta leƙa gaba, ba ta ga kowa ba. Ta bi tagogi ɗaya bayan ɗaya. Kafin Kawu ya fito ta ja ƙofar baya ta buɗe, ta haye kan kayan mutane. Ta sa haƙori ta yage ledar.

Fasinjan da ke kusa ya yi salati ya kau da kai. Maman ba ta yi ihu ba. Ta dubi ƙafar, ta dubi fuskar 'yarta.

"Sun daina ciwo, Mama," in ji yarinyar. "Na fara warkewa."

Maman ta kwance mayafinta, ta juya baya, ta ja yarinyar ta goya kamar jaririya, ta ɗaure tam. Ta sauko daga motar.

"Sauke ta!" Kawu ya sha gabanta. "Gidan Baffanta zan kai ta, shi ya jawo. Ke, kin sha maganinki kuwa?"

"Na sha, Yaya. Kai me ka sha?"

Ta ratse shi ta wuce. Wani daga cikin masu tsaye ya ɗaga murya, "Mahaukaciyar nan ta ɗauki yarinya! Ku tare ta!" Samari biyu suka biyo ta da gudu. Da suka zo kusa suka ga abin da ke lilo a gefen cinyarta, suka ji warin, sai suka tsaya. Ba wanda ya ƙara taɓa ta. Ta bi gefen titi tsakanin motocin da suka cushe, da tafiyarta mai nauyi, ƙafafun yarinyar suna dukan ƙwaurinta, har asibiti.

Likita bai yi dogon bayani ba. Ya ce da an kawo ta a satin farko, allura da wanki sun isa. Da an kawo ta a na biyu, da an ceci yatsun. Yanzu sai dai a ceci abin da ya rage. Suka cire yatsu biyu da gefen tafin ƙafar.

Da yarinyar ta farfaɗo, la'asar ta yi. Ƙafar tana naɗe da farin bandeji, an ɗora ta a kan matashi. Ƙofar ɗakin a buɗe take kaɗan, ta nan muryoyin da ta sani suke shigowa. Duk sun zo, har da kwanukan abinci da filas na shayi.

"Ƙaddara ce," Baffa ke cewa. "Abin da Allah ya rubuta ba makawa."

"Ƙaddarar da ka zuba wa kananzir?" in ji Goggo. "Ni dai Allah ya gani, na sayi magani, na ɗaure."

"Kin ɗaure kin turo min," in ji Kawu. "Ni ina hanyar kai ta ke nan."

"Kai ta ina? Asibiti ko ƙofar shagona?"

"To yanzu dai a bar tone-tone," in ji Goggo. "In an sallame ta, gidan wa?"

"Doka a fili take," in ji Baffa. "Inda ta kwanta. A gidanka ta kasa tashi."

"Ranar Asabar ta kasa tashi. Asabar satinka ne."

"Ba ta iso gidana ba."

Abu ɗaya ne kawai bakinsu ya haɗu a kai: uwar ba ta kyauta ba. Ta tona wa dangi asiri a bakin titi, ta sa ana nuna su da yatsa. Ai da ma an ce ba ta da hankali.

Wata nas ta fito ta same su. "Wa zai zauna da ita? Mutum ɗaya muke so, wanda zai kwana a nan har a sallame ta."

Baffa ya ɗaga kai yana kallon silin. Goggo ta shiga gyara ɗaurin ɗankwali. Kawu ya duba wayarsa.

"Uwarta tana ciki," in ji nas ɗin. "In bar ta?"

"A'a," Baffa ya yi saurin cewa. "Wannan ba ta da lafiya. Ba a bar mata yarinya, haɗari ne."

"To kai za ka zauna?"

"Ni ina da aikin mutane a shago."

Nas ɗin ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta juya ta shige, ta rufe ƙofar.

Gida uku, manya biyar masu cikakken hankali, babu mai shan magani a cikinsu. Kowa ya ga ƙafar da idonsa, kowa ya san hanyar asibiti, kowa kuma yana da dalilinsa mai kyau wanda zai iya faɗa a gaban jama'a ba kunya. An ƙwace yarinya daga hannun uwa don kada wuta ta taɓa ta, aka miƙa ta ga masu hankali, suka yi ta miƙa wa juna ita tana ruɓewa, kowa yana jiran Asabar.

Maman tana zaune a ƙasa kusa da gadon, ta shimfiɗa mayafin da ta yi goyo da shi. Ta ɓare lemon da ta kawo tun safe, tana cire zaren jikinsa ɗaya-ɗaya.

"Mama."

"Na'am, Uwata."

"Yanzu satin wa ne?"

"Sha lemo."

Yarinyar ta karɓa ta riƙe, ba ta kai baki ba. Tana ta tunani, goshinta a tattare.

"Baffa ya ce inda mutum ya kwanta ciwo, ba a tashinsa sai ya warke."

"Haka ya ce."

"Ni a bayanki na kwanta. Ko ba haka ba?"

Maman ta dubi 'yarta. Ta gyaɗa kai kawai.

'Yar Sati ta sa lemon a baki. Ta dubi farin bandejin da ke kan matashi, inda ƙafar ta ƙare tun ba ta kai inda ta saba ƙarewa ba. A waje ana ta jan maganar satin wa. Ta rufe ido, ta motsa leɓe a hankali yadda ba mai ji, ta roƙi Allah kada ya sa ta warke da wuri.